Ɗakin Alajo ko na Madina? Waɗanda ruwa ya taɓa ci a Accra ku ba mu labari

Ɗan Mamobi:
Salamu alaikum jama'a. Yuni ya kama, kowa ya san halin garin nan. Ƙanina zai kama ɗaki, an nuna masa ɗaya a Alajo, ɗaya a Madina. Na Alajo ya fi araha, ga shi kusa da wurin aikinsa a Circle, babban shataletalen nan na tsakiyar gari. Na ce ya dakata in ji ta bakin waɗanda suka zauna. Duk wanda ruwa ya taɓa shiga ɗakinsa, ya faɗa mana unguwar da yadda aka yi.

Hajiya Mai Koko:
Wa alaikumus salam ɗana. Araha ba ta ado. A Alajo na yi goyon 'ya'yana, ba labari aka ba ni ba. Abin da baƙo ba ya ganewa shi ne, ruwan da ke cin mu ba a kanmu ake yin sa ba. Sai ka ga yayyafi kawai ake yi a unguwa, can wajen duwatsun Akwapim kuwa sama ta tsage. Ka kwanta lafiya, cikin dare ka sa ƙafa ƙasa ka ji sanyi, Odaw, kogin da ya bi ta unguwar, ta cika ta tumbatsa. Buhun gerona na koko a kan tebur yake kwana duk damina. In ƙaninka ya je duba ɗakin, ya ƙyale sabon fenti, ya dubi bakin ƙofa. In ya ga an ɗaga dokin ƙofa da bulo har sai mutum ya tsallaka, to mai gida ya gama ba shi amsa. Ya kuma zaga bayan gida inda ba a yi fenti ba, zai ga layin da ruwa ya bari a bango.

Kawu Direba:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Mu masu trotro, wato ƙananan bas na haya, da ƙafa muke sanin garin nan: inda ka taka totur tudu ne, inda ka taka birki kwari ne. Daga Legon ka nufo cikin gari gangara ce, kuma inda mota ta gangara can ruwa zai bi. Ƙoramu da manyan kwatoci da yawa a Odaw suke juyewa, ita ta bi ta Circle ta faɗa tafkin Korle, Korle ta fita teku. Ranar da teku ya ciko, yashi da leda suka toshe hanya, ina kake so ruwan ya je?

Daren 3 ga Yuni 2015 ina kan hanya. Na ga ruwa ya kai taya tun kafin Circle, na juya na hau sama na kwana cikin mota da yarona. Da safe muka ji mutane sun fake a gidan mai, mai ya bi kan ruwa, wuta ta tashi. Rayuka wajen 150. Allah ya jiƙan su. Tun daga ranar, in hadari ya haɗu ba na ɗaukar lodin Circle ko Kaneshie, fasinja ya zage ni in ya so.

Malamin Firamare:
Amin, Kawu. Abin da ke ba ɗalibaina mamaki shi ne Accra tana cikin wuraren da ba su cika samun ruwan sama ba a gaɓar Ghana. Abin da ke sauka a nan a shekara bai kai rabin na garin Axim da ke yammacin gaɓar ba. Fili ne na ciyawa, ba kurmi ba. Wannan na cikin dalilan da Turawan Ingila suka ɗauko hedikwata daga Cape Coast suka kawo nan a 1877, ga kuma gidajen ganuwa da suka tarar a bakin teku, na Jamestown da na Osu. Tashar jirgin ruwa ma babu. Jirgi can nesa yake tsayawa, a yi ta jigilar kaya da kwale-kwale, sai da aka buɗe tashar Tema a 1962.

To ku dubi inda suka gina gidajen kansu: Ridge da Cantonments, kan tudu, wurin iska. Gari ya yi ta cika, wanda ya zo a baya da aljihu mara nauyi sai ya samu abin da aka rage, bakin rafi da fadama. Ni a ganina rabon filayen garin nan tun lokacin aka gama shi, mu gado muka tarar.

Ɗan Nima:
Malam, a yi mini afuwa, ban yarda da duka ba. Nima ba kwari ba ce gaba ɗaya. Gidanmu yana sama, ruwa bai taɓa shigar mana ba. Malam Amadu Futa da ya kafa wurin da shanunsa ya san inda ya zaɓa. Waɗanda ke bakin babbar kwata su ke kuka, kuma a gabana ake jira hadari ya taso a fito da shara a zuba a ciki. Wannan ba aikin Bature ba ne.

Malamin Firamare:
Na karɓa, Ɗan Nima. Amma wanda motar shara ba ta iya shiga lungunsa fa, wa ya yanka masa lungun haka?

Baba na Aboabo:
Ku bar ɗan Kumasi ya sa baki. Mu ba teku gare mu ba, ba babban kogi, amma dubi girman gari. Hanya ce ta yi Kumasi, da goro da zinariya. Kakanninmu fatake Gwanja suke zuwa, su sayi goron kurmin Asante a Salaga su koma Kano da jakai. Da Salaga ta watse bayan yaƙin 1892, da yawa suka gangaro kudu, jirgin ƙasa kuma ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903. Har gobe motar da ta taso daga Tamale ko Bolga da albasa da tumatir sai ta ratsa ta nan.

Ruwan sama mun fi ku sha, sai dai garin tudu ne da gangara, yakan wuce da wuri. Amma kada wani ya ce mun tsira. Rafin Aboabo yana bayan gidana, in ya yi fushi mu ma katifa a kan rufi take shan rana. Manhyia kuwa, inda fadar sarkin Asante take, ba ta san ana yi ba.

Maman Biyu:
Ku da kuke jiran hadari ma kun ji daɗi. Mu a Tetegu rana tsaka ruwa ke zuwa, in madatsar Weija ta cika aka buɗe ƙofofinta. Filin da arha muka saya, ashe hanyar kogin Densu ce.

Anti ta Adenta:
Ɗan Mamobi, kowa na ce maka tudu, bari in faɗa maka kuɗinsa. Mun yi shekaru a nan Adenta, maƙwabciyar Madina, famfo ba ya ɗigo, sai dai mu sayi ruwan tanka, yara su yi ta jido da jarka kafin makaranta. Yanzu da sauƙi, amma ya tambayi maƙwabta ko nasu yana zuwa, kada ya tambayi mai gida. Sannan cunkoson hanya: in yana so ya isa Circle da wuri, daga masallacin asuba tasha zai wuce. Ya haɗa kuɗin trotro na wata da kuɗin ruwa ya ɗora kan haya. Madinar ma akwai lunguna masu riƙe ruwa, ya je ya gani da idonsa washegarin ruwa mai ƙarfi kafin ya ba dillali ko sisi.