Neman shawara: zaribar jakuna da awakin da aka yasar a Gadarif

Mai tambaya, Gadarif: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da yaƙin nan na Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 mutane suka kwararo Gadarif, dabbobin da ba mai kula da su sun yawaita a bayan kasuwa. Mu huɗu muka samu aron fili rabin fadan (kamar rabin eka), muka kewaye da ƙaya. Yanzu akwai jakunan karo (amalanke) 5, uku da gyambo a baya, awaki da tumaki 9, da tsohuwar saniya. Ba don kasuwa muke ba, so muke su murmure. Jiya mun zuba wa jaki mafi rama kwano biyu na dawar feterita, yau ya ƙi tashi. Da me za mu fara?

Likitan dabbobi, Kassala: Wa alaikumussalam. Malam, a kwashe hatsin nan daga gabansa yanzu. Dabbar da ta daɗe da yunwa, hanjinta da jininta sun saba da babu. In aka dura mata hatsi lokaci guda, sinadaran jini su rikice, zuciya ta gaza, ko ciki ya murɗe, ko kofato ya ɗau zafi ta kasa takawa. Tausayi ne ke kashe su a makon farko.

Kwana 3 na farko a ba shi busasshen barsim (ciyawar alfalfa) ko harawar gyaɗa giram 150 duk bayan awa 4, har da dare, ruwa kuwa kada ya yanke. Daga nan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har kwana 10. Dusa da ombaz (tunkuza) sai bayan mako 2. A saka ma'aunin zafi ta dubura: na lafiyayyen jaki tsakanin digiri 36.5 ne da 37.8, na akuya da tunkiya 38.5 zuwa 40. Jakin da ya wuni bai ci ba, a kira likita a ranar, domin kitsen jikinsa kan narke ya cika jini ya lalata hanta, shi kuma ba ya nuna ciwo sai abu ya yi nisa. In yana kwance, a jingine shi kan ƙirjinsa da buhun ƙaiƙayi, a riƙa sauya masa gefe duk awa 3.

Sai keɓewa. Duk sabon zuwa ya yi kwana 21 zuwa 30 a turkensa daban, da bahonsa da igiyarsa, shi ne kuma na ƙarshe da za a je wa in ana rabon abinci. Akuya ɗaya mai majina da zawo ta isa ta kawo PPR, annobar awaki da tumaki, ta share garken. Allurar rigakafinta ɗaya ce, tana karewa shekara 3, ku nema a ofishin dabbobi na jiha.

Baba mai ɗinkin kayan karo, Mai Wurno: Ɗana, kan gyambon baya, kada ka bari kowa ya shafa baƙin mai ko garin batir, kada kuma a yi lalas. Ƙona nama kawai suke yi. Annabi (SAW) ya ga jakin da aka yi wa lalas a fuska, ya la'anci wanda ya yi. Aske gashin gefen, ka wanke safe da yamma da ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali na gishiri a rabin lita. Ka shafa zuma, ka rufe da tsumma mai tsabta saboda ƙuda. Gyambon da ya yi ja ya kumburo kamar tsokar kankana, ya ƙi rufewa da damina, tsutsa ce ƙuda ya ajiye, wanki kaɗai ba ya yi masa. Turke kuma a ɗaure da zanen auduga mai faɗi. Igiyar leda tana cin ƙafa har ƙashi.

Likitan dabbobi, Kassala: Baba ya yi daidai, sai dai a ƙara abu biyu. Duk jaki mai rauni mai zurfi a yi masa allurar kariyar tetanas, don jakuna na saurin kamuwa. Na biyu, in ka ga ƙuraje sun jeru kamar carbi a ƙafa ko wuya suna fashewa da mugunya, wannan ba cin sirdi ba ne, cuta ce mai yaɗuwa ta ƙuda da kayan ɗauri. A ware shi, a ƙone tsummansa.

Magunguna kuwa a yi hattara, domin na wannan guba ne ga wancan. Amitraz da ake wanke shanu da awaki da shi saboda kaska, kada ya taɓa jaki, yana tsayar masa da hanji. Abincin kaji ma haka, sau da yawa akwai maganin monensin a ciki, kaɗan ya isa ya kashe shi. Ivermectin, maganin tsutsa, ga jaki ta baki ake bayarwa, miligiram 0.2 ga kowane kilo, sai kuma ya fara samun ƙarfi. Albendazole, shi ma maganin tsutsa, ba a ba akuya ko tunkiya a watan farko na ciki. Wadda ta yi ɓari, a ɗauke mahaifar da leda a hannu a binne, nono kuma a tafasa, saboda bakkale da zazzaɓin Rift Valley da ya ɓulla a ƙasar nan a 2007 da 2019. Wadda ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci da dubura, kada a feɗe: ciwon saifa ake zargi. A binne ta a rami mai zurfin mita 2.

Hajiya mai kiwon awaki, Sinnar: Malam, ni lissafin kara nake so ku yi kafin ku karɓi ko ɗan akuya. Jaki na cin kilo 2 da rabi na busasshen abinci a rana, akuya kusan kilo 1, saniyarku kilo 6. Jimla kusan kilo 28. Amma karan dawa in ba a daddatsa ba kashi ɗaya cikin uku a ƙasa yake ƙarewa, don haka ku ce 40. Daga Nuwamba zuwa saukar ruwa wata 8 ne, kusan tan 10 ke nan. Ku saya da kaka, lokacin da manyan gonakin Gadarif ke yankan dawa, kara na arha. A Mayu kuɗin ya ninka, ga shi ba ya samuwa. A jibge kan dakali ko katako saboda gara, a rufe da tamfol. Abin da ya yi fumfuna a zubar.

Gyauron dawa da ɗanyen abu sab'in (dawar da ake shukawa don ciyawa) da bai kai tsawon cinya ba, musamman wanda fari ya taɓa, yana kashe akuya cikin awa guda. A yanka a shanya tukuna. Akuyar da aka tsinto a bola, tana ci tana ramewa, cikinta da tauri a hagu, leda ce ta cika tumbinta, maganin tsutsa ba zai yi komai ba, sai fiɗa. Ku raba maza da mata tun yau. Bunsuru da rago a dandaƙe su. Jaki kuwa likita ne zai fiɗiye shi ya ɗaure jijiyar, don yana zubar da jini fiye da doki.

Malamin gona, Damazin: Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, da damina tana riƙe ruwa, kofato ya ruɓe. Ku ɗaga ƙasan rumfa da tsakuwa da yashi kamar taƙi ɗaya, ku ja lambatu a bayanta. Kowane jaki inuwar mita 2 da rabi a mita 2. Ruwa a bazara lita 20 ga jaki, 5 ga akuya, saniya 40. Kashi a kwashe kullum, ya rage ƙuda, kuma masu lambu na saye. Sannan duk dabbar da ta shigo a ɗauki hotonta a waya, a rubuta inda aka same ta a gaban shehun unguwa da shaidu biyu. Ranar da jakin ya yi ƙiba mai shi zai bayyana.

Mai tambaya, Gadarif: Allah ya saka da alheri. Mun kwashe hatsin, ya ɗan tsinci harawa. Likita, kofatonsa na gaba da zafi, yana miƙe ƙafafun gaba in mun ɗaga shi.

Likitan dabbobi, Kassala: Hatsin ne ya sauka a kofato. A tsayar da shi kan yashi mai laushi, a riƙa jiƙa ƙafafun da ruwan randa, kada a tilasta masa tafiya. A kawo likita yau ya ba shi maganin zafi, gyaran kofaton sai ciwon ya lafa.