Eskabetata tana rage ƙarfi kullum, ina neman shawara

Assalamu alaikum. Makanikan manyan injina, don Allah ku taimaka min.

Ina da eskabeta 'yar Beljiyam, ƙirar 2020, mai injin dizal na matakin Stage V, wato ƙa'idar Turai ta rage hayaƙi. Muna haƙar magudanar ruwa da ita a wajen Kano. Sati uku ke nan fitilar DPF, wato matatar da ke kama baƙin hayaƙi a salansa, tana kunnuwa, sai kwamfutar injin ta rage masa ƙarfi har bokiti ya kasa ɗaga laka. Mun ajiye ta ta ƙone hayaƙin da kanta, zafi ya kai wajen digiri 600, fitilar ta mutu. Bayan kwana biyu ta dawo.

Abin da ya fi damuna shi ne mai. An ƙera irin wannan injin don dizal da farar wutarsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, ni kuwa a jarka ake kawo mana shi wurin aiki, ban san yawan farar wutarsa ba. Ga kuma AdBlue ɗinmu, wato ruwan yuriya da ake fesa wa hayaƙi don rage gubarsa, da ya kwana biyu a cikin kwantena, rana na dukansa, alhali zafin da ya wuce digiri 30 yana rage masa kwana. Baƙin mai dai CK-4 muke zubawa, wato ajin da ba ya barin toka da yawa.

Wani bakanike ya ce a cire matatar gaba ɗaya. Raina bai kwanta ba, domin yarana ne ke shaƙar hayaƙin a cikin rami.

Ta yaya zan gane toka ce ta cika matatar, ko farar wuta ce ta lalata DOC ɗin da ke gabanta, wato na'urar da ke fara ƙone gubar hayaƙi kafin ya isa matatar? Kuma akwai mai injin wanke DPF a Kano ko Kaduna?