Dan Allah a taimaka, fanes (injin ɗumama gida) yana kamawa yana mutuwa, ga jariri a gida

Angon Ƙarni: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah wanda ya san harkar fanes na gas ya taimaka min, wallahi kwana uku kenan ban yi barcin kirki ba. Ina Brooklyn Park a Minnesota. Gidan nan bara na saye shi a watan Yuni bayan shekara tara ina haya, kuma Allah ya sani ba wai kuɗi ne suka yi min yawa ba, maigidan hayar ne duk shekara sai ya ƙara, ga iyali na ƙaruwa, ga madam kullum maganarta ɗaya yara ba su da wajen wasa. Wani abokina ya ce kar in sayi tsohon gida, ginin 1978 ne, na ce da tsohuwar zuma ake magani, har yau ba ma ga maciji sosai da shi saboda maganar amma wannan daban. Wanda ya duba gidan kafin a saya ya rubuta wani abu a kan fanes ɗin a takardarsa, to lokacin zafi ake, wa ke tunanin hita a Yuni. Yanzu madam ta haihu kwana 12, surukata ta zo daga Zariya wankan jego, ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba, safa biyu take sawa da bargo a falo, ba ta ce min komai ba amma kun san kallon. Jiya waje ya kai 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Farenhait na nan Amurka, cikin gida 54.

Abin da yake yi shi ne, in na ƙara lamba a tamostat, abin saita zafin gida, sai ka ji ƙaramar fanka ta tashi, can sai wani abu ya yi ja kamar garwashi, a ji ƙas, wuta ta kama shuɗiya gwanin kyau, kafin ka ƙirga biyar ta mutu. Ya yi haka sau uku sai ya yi shiru gaba ɗaya. Sai na sauka besmen, ɗakin ƙarƙashin ƙasa, na kashe makunnin na sake kunnawa, wani lokaci ya zauna wani lokaci a'a. Na kira wani kamfani ranar Litinin, dala 129 kuɗin zuwa kawai, mutumin bai yi minti 20 ba ya ce sabo zan saka, dala 6,800. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Na kalli bidiyo na sayi ignaita, abin da ke kunna wutar, dala 38 na canza da hannuna, shiru kake ji. Me zan yi?

Injiniya Houston: Wa alaikumus salam. Ango kwantar da hankalinka, tun layi na biyu na gane matsalar. Sensan wuta ne ya yi datti, shikenan. Asarar kuɗi ka yi da ka sayi ignaita, tunda wuta tana kamawa ai ignaita ta gama aikinta, laifin me ta yi? Ka kashe wutar lantarkin fanes ɗin, ka rufe gas, buɗe murfin sama. A ƙarshen jerin bakunan wutar, ɓangaren da ba ignaita, za ka ga wata 'yar sandar ƙarfe siririya a lanƙwashe, gindinta farin tangaran, waya ɗaya tak ke shiga ta, sukuru ɗaya ke riƙe ta. Ciro ta, ka sa samfefa ka goge sai ta yi ƙyalli, mayar. Minti goma. In bai yi ba ka canza min suna.

Hajiya Columbus: Barka da arziki Ango, Allah ya raya. Ni dai shawarata ku maza ku daina taɓa abin gas. Baban yaran nan haka ya kwance mana injin wanki wai ya gani a YouTube, wata biyu ina jigilar kaya zuwa wajen wankin kuɗi da goyo a bayana a cikin sanyi, ƙarshe sabo muka saya, kuma har gobe in ka tambaye shi injin ne ya tsufa. Wancan ruwa ne kawai. Kai ka kwashi mai jego da Mama ka kai su gidan wani tukunna.

Angon Ƙarni: Hajiya na gode, amma gidan wa zan kai suruka da mai jego su kwana? A ce na sayi gida na kasa ɗumama shi? Akwai 'yan hita na lantarki biyu a ɗakunansu. Injiniya maganar ignaita ba asara ba ce, tsohuwar da na ciro akwai wani farin tabo a jikinta, ko ba yau ba za ta mutu.

Direban Tirela: Kamfanonin nan ɓarayi ne wlh. Ni a Indiana sun ce min bod, allon lantarkin da ke sarrafa fanes, ya ƙone dala 900, ashe filta ce ta toshe, shekara guda ban canza ba ina kan hanya. Yaran da suke turowa kamasho ake ba su in sun sayar da sabo, da sun ji harshenka sun ga baƙo shikenan an samu nama. Ango duba filta kafin komai.

Injiniya Houston: Direba ba filta ba ce. Filta in ta toshe sai fanes ya yi minti biyar ko goma yana aiki, ya yi zafi fiye da kima sannan ya kashe kansa. Nasa daƙiƙa biyar. Ku riƙa karanta tambaya kafin ku amsa dan Allah.

Direban Tirela: To ranka ya daɗe, kai da kake Houston sau nawa kake kunna fanes a shekara?

Injiniya Houston: Ka tambayi waɗanda suka ga tsananin sanyin Fabrairun 2021 a Texas. Gida huɗu na tayar wa fanes a layinmu bayan an dawo da wuta, ban karɓi sisin kowa ba, ɗaya daga cikinsu ma ko gaisuwa ba ya yi min yanzu.

Mai Gyara Winnipeg: Salam. Wannan sana'ata ce a nan Kanada, shekara shida. Alamun da ka faɗa sun fi kama da sensa, gaskiyar Injiniya. Yadda abin yake, bod yana tura lantarki cikin sandar nan, ita harshen wutar ce ke ɗaukar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ta kai shi jikin ƙarfen bakin wutar, da haka bod ke sanin wuta ta kama. Muna auna shi da mita a maikro'am, wato ma'aunin ɗan ƙaramin lantarki, lafiyayye yakan ba da kamar 2 zuwa 6, in ya yi ƙasa da 1 bod sai ya ɗauka gas ne ke zuba ba wuta, ya rufe bawul. Ya gwada sau uku ya kulle kansa, da yawansu awa ɗaya. Kashewa da kunnawar da kake yi kullen kake sharewa kawai. Amma kar ka sa samfefa, tana karce ƙarfen ta bar yashi da zai narke ya zama wani rufin, soson ƙarfe mai laushi ya isa, kuma ka riƙe ta tangaran ɗin a hankali, in ya tsage sai sabuwa. In injin busar da kaya da bilic suna kusa da fanes ɗin su ke saurin ɓata ta. Sannan ba kullum datti ba ne, wayar ƙasa in ta saki ko bakin wutar ya yi tsatsa haka zai yi.

Tambayoyina uku. Akwai ƙaramar fitila a bod da ake hangowa ta 'yar taga a murfin ƙasa, sau nawa take ƙiftawa? Fassarar tana manne a bayan murfin. Shekarar fanes ɗin nawa? Kuma me mutumin kamfanin ya ce ya gani, don ba a cewa a sayi sabo saboda sensa.

Angon Ƙarni: Fitilar ban ƙirga ba, ina kashewa take daina yi. Shekara kuma ban sani ba, takardar jikinsa ta koɗe. Mutumin dai ya zura wata 'yar kyamara ya nuna min wani layi a wayarsa wai tsagewa ce a hit eksicenja, ƙarfen da wuta ke bi ta cikinsa ya ɗumama iska, ni ban ga komai ba sai duhu, wa ya sani ko hoton wani gidan ne. Ya rufe gas ya rataya jar takarda, da ya tafi na buɗe abina, gidana ne ko nasa? Af na manta, ranar Asabar kafin duk wannan babbar fanka ta yi ta hura iska mai sanyi ba tsayawa, na ga wani ɗan maɓalli tsakanin waya biyu kusa da bakunan wutar na danna ya yi ƙas ya tashi. Sau biyu na yi haka.

Mai Gyara Winnipeg: Innalillahi. Yaya wannan ai shi ya kamata ka fara faɗa, ba labarin 1978 ba. Maɓallin nan ba ya faɗuwa sai harshen wuta ya fito waje inda bai kamata ba, shi ya sa aka yi shi sai an danna da hannu, don dole wani ya zo ya duba dalili. Hanyar hayaƙi ta toshe ko ƙarfen da wuta ke bi ta cikinsa ya tsage, kuma iskar da ake hura wa ɗakunanku ta jikin ƙarfen nan take wucewa. Ka rufe gas ɗin yanzu. Kana da alam na kabon monoksaid, iskar gubar da wuta ke fitarwa? A jiharku doka ce a sa shi cikin ƙafa 10 daga ɗakin kwana.

Angon Ƙarni: Akwai wanda na tarar a gidan, na cire batir ɗin don kullum Mama ta sa turaren wuta sai ya hau ihu ya ta da jariri. Kuma ba ma jin warin komai.

Hajiya Columbus: Ango ba ta da wari fa! Ka manta yadda ake wayar gari a gida a ji iyali guda sun tafi saboda janareto ko gawayi a ɗaki? Su ma ba su ji komai ba. Dan girman Allah.

Injiniya Houston: Ku daina tsorata bawan Allah. Mai Gyara da girmamawa, in tsagewa ce sai babbar fanka ta tashi sannan za ka ga wutar tana rawa tana komowa baya, kuma fankar ba ta tashi sai bayan rabin minti ko fi. Tasa tana mutuwa a daƙiƙa biyar, fanka ba ta ma motsa ba. Sensa ne. Ku masu sana'ar nan bakinku ɗaya, kowa sabo yake son sayarwa.

Mai Gyara Winnipeg: Ni ina Manitoba me zan sayar masa? Ban ce ba sensa ba ne, cewa na yi akwai abu biyu. Sensan ne ke kashe wutar yanzu, in ya goge ta fanes zai zauna ya yi ta ci da waccan matsalar da ba a duba ba. Ango in ba ka yarda da na farko ba kira wani daban, ka ce ya auna hayaƙin da na'ura a gabanka ya nuna maka tsagewar a jikin fanes ɗin ba a waya ba. Maganar kuɗi kuma ka nemi shirin tallafin makamashi na jiharku, suna taimaka wa masu gida da gyara ko canza fanes in albashi bai wuce iyakarsu ba.

Ɗalibi Bradford: Mu a Ingila boila ce da ruwan zafi, kuma mai rajistar Gas Safe ne kaɗai ke taɓawa. Tamu sati biyu kenan tana ɗiga, maigidan yana ta gobe gobe, ko akwai wanda ya san inda ake kai ƙara?

Direban Tirela: Wani ya ce min ana iya haɗa wayar sensan da jikin ƙarfe a wuce wajen, ko a kunna oban a bar shi buɗe kafin safe.

Mai Gyara Winnipeg: Duka biyun a'a. Haɗa wayar ba ya ma aiki, bod ya san bambancin wuta da waya. Oban kuwa ita ce hanyar da ta fi sauri wajen cika gida da iskar da muke magana.

Angon Ƙarni: Tallafi kam ba zan nema ba, ina shirin shigar wa Mama takardu ba na son abin da zai ɓata min fayil, kuma na san albashina ya wuce. Na dai ciro sandar, wani fari-farin abu ne a jikinta kamar toka, na goge da soson madam na wanke tukunya. Alhamdulillah ya kama, minti 40 kenan bai mutu ba, gida ya kai 63, Mama har ta cire safa ɗaya. Na tsaya na kalli wutar da fanka ta tashi, ta ɗan yi motsi a bakin ƙarshe amma ina ga haka suke yi duka.

Injiniya Houston: Me na ce? Sunana yana nan.

Mai Gyara Winnipeg: Ba haka suke yi duka ba. Wannan motsin shi Injiniya ya siffanta da bakinsa a sama. Ka mayar da batir ɗin?

Angon Ƙarni: Na nemi batir ɗin ban gani ba, ina jin yara sun sa a rimot. Zan sayi sabon alam ranar Juma'a in an biya mu, na ɗan buɗe tagar ɗakin mai jego kaɗan. Ni zan fita aiki, ƙarfe 11 nake shiga.

Hajiya Columbus: Juma'a? Yau fa Laraba. Wa ke kusa da Brooklyn Park a cikinku ya kai masa ɗaya yau da dare, ni zan tura kuɗin.

Ɗalibi Bradford: Ba wanda ya amsa min maganar boila