Neman kalma: me za mu kira «amélioration des processus» da Hausa?

1/
Jama'a, salamu alaikum. Kalmar wannan karon daga buro ta fito. Duk mai riƙe da furoje a Yamai, na gwamnati ne ko na ONG, tallan nan ya ishe shi a Facebook da WhatsApp: horo ta intanet, amélioration des processus, Lean Six Sigma, ga takarda a ƙarshe. Ƙannenmu suna ta tambayar wanne za su biya, alhali ko sunan abin ba mu da shi a bakinmu. Tun da kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, bai kamata irin waɗannan kalmomi su ci gaba da kwana a bakin ƴan boko kaɗai ba.

Abin da na kawo shi ne: kyautata tafiyar aiki. Mai ja ya ja, amma ya saurari dalili tukuna.

2/
Mu fara da processus, don nan rigimar take. Ɗauki takardar biyan ɗan kasuwar da ya kawo wa furoje kujeru. Ta shiga wajen sakatariya, ta hau teburin mai lissafi, ta jira sa hannun shugaba wanda ya tafi Dosso, ta dawo don an manta wani hatimi, ta kwana a aljihun tebur, daga baya kuɗi su fita. Wannan hanyar da takardar ta bi da ƙafarta, da jiranta da komowarta, ita ce processus.

Da yawa za su ce «tsari». Ban yarda ba. Tsari shi ne abin da aka rubuta a littafin ƙa'idojin furoje, wanda Faransanci ke kira procédure: wane ya sa hannu, sannan wane, cikin kwana kaza. Yana da kyau a takarda. Tafiya kuwa ita ce abin da ya faru da gaske ranar Talata. In muka ba su suna ɗaya, mun rufe ainihin ramin da wannan ilimin yake leƙawa, wato tazarar da ke tsakanin abin da aka tsara da yadda aikin yake tafiya. Kuma Bahaushe ya riga ya saba cewa «yaya aikin yake tafiya?», ba baƙon zance muka ƙirƙiro ba.

3/
Wani Mushe da ya yi ritaya a Tawa ya rubuto cewa «matakan aiki» ya fi. Mushe, Allah ya ƙara girma, matakai suna ciki, amma mataki bai ɗauke jira ba. A misalin nan na sama, mafi yawan kwanakin da takardar ta ci ba a kan wani mataki ta ci su ba, tsakanin mataki da mataki ta ci su, tana zaune ba mai taɓa ta. Tafiya ta haɗa da zangon da aka yada. Mu bar «mataki» wa étape.

4/
Sai amélioration. Uku ne a gabanmu: gyara, inganta, kyautata.

Gyara na abin da ya lalace ne, kuma ka ce wa shugaban ma'aikata ka zo gyaran aikinsa, ka ga yadda fuska za ta sauya. Inganta ba laifi, sai dai rahotannin ONG da labaran rediyo sun tsotse ta har ta zama ba ta cewa komai. Kullum ana inganta rayuwar al'umma. Ban da haka muna bukatar «inganci» a wajen qualité, kamar a ISO 9001, ma'aunin ingancin aiki na duniya, kada mu ɗora wa tushe ɗaya kaya biyu. Kyautata tana karɓar abin da yake da kyau ta ƙara masa. Wannan ya yi daidai da kaizen na Japanawa, wanda asalinsa kalmomi biyu ne, sauyi da kyau. Don haka amélioration continue sai mu ce kyautatawa a kai a kai.

5/
Wata Hajiya ta ce kyautata tana kai hankali ga kyautata wa iyaye ko maƙwabci. Gaskiya ne, Hajiya, amma wancan da «wa» yake tafiya: ka kyautata wa mutum, ka kyautata abu. Kunne yana rarrabewa.

6/
Lean da Six Sigma sunaye ne, a bar su yadda suke. Wani ya gwada «ramammen aiki» wa Lean, don a Ingilishi kalmar na nufin marar ƙiba, na yi dariya har na ajiye waya. A wajenmu rama ciwo ce. Abin da ake nufi shi ne rage ɓarna. Tushensa masana'antar Toyota ne, inda Taiichi Ohno ya lissafa ɓarna iri bakwai: yin abu fiye da bukata, jira, jigilar da ba dalili, ƙarin aikin da ba wanda ya nema, tara kaya, kai-kawon ma'aikaci, da kuskuren da ke sa a sake aiki. Sunan Lean ɗin kansa daga baya ya zo, a 1988, daga wani mai bincike a Amurka, John Krafcik. Na zaɓi ɓarna a kan asara don asara tana iya zama ƙaddara, ɓarna kuwa da hannun mutum a ciki, kuma abin da hannu ya yi hannu na iya dainawa.

Six Sigma a kamfanin Motorola aka haife shi a 1986, ta hannun injiniya Bill Smith, ya yi suna bayan Jack Welch ya shimfiɗa shi a General Electric a 1995. Sigma harafin Girkanci ne da masu lissafi ke auna warwatsuwar sakamako da shi. Burin shi ne kuskure kada ya wuce 3.4 cikin miliyan. Ba wanda ke jiran wannan adadi daga buron furoje a unguwar Plateau ta Yamai. Abin ɗauka a ciki shi ne tambayar: me ya sa takarda ɗaya ta fita cikin mako, ƴar'uwarta iri ɗaya ta yi wata biyu? Lean na yaƙi da ɓarna, Six Sigma na yaƙi da rashin daidaito.

Matakan Six Sigma biyar da ake taƙaitawa DMAIC suna shiga Hausa ba gardama: fayyace matsala, auna, binciko sanadi, kyautata, tsare abin da aka samu.

7/
Yanzu ga inda kalmar take biyan kuɗinta. In ka yarda cewa tafiya ake kyautatawa, to ka samu ma'aunin zaɓen horo. Duk kwas ɗin da zai sa ka kalli bidiyo, ka amsa tambayoyin zaɓi, a turo maka takarda, ba tare da ka tashi ka bi wani aiki na gaske da agogo da alƙalami ba, tsari ya koya maka. Mutanen Toyota suna da ƙa'idar cewa ka je wurin da kanka ka gani. Mu ma mun ce gani ya kori ji.

Saboda haka tambayar farko ga mai tallan horo ita ce: akwai aikin gwaji a wurin aikina, kuma wa zai duba shi? Ɗalibi a Tawa yana iya ɗaukar albasar Galmi tun daga cirewa, zuwa rudu, zuwa buhu, zuwa babbar mota, ya auna inda take jira da inda take ruɓewa. Ma'aikaciyar asibiti ta bi mai jinya daga karɓar tikiti zuwa karɓar magani. In malamin ya ce ba sai an yi wannan ba, riƙe kuɗinka.

8/
Kalma ta biyu da nake so mu yanke yau ta fi ta farko cin aljihu. Faransanci na da attestation, yana da certification. Mu duka muna cewa «takarda» ko «satifiket», masu talla kuwa suna jin daɗin wannan duhun.

Attestation: shaidar halarta. Ka zo, ka zauna, an gan ka.
Certification: shaidar ƙwarewa. Wata hukuma dabam da wadda ta koyar da kai ta yi maka jarrabawa ƙarƙashin sa ido, ta sa sunanka a rajistar da mai ɗaukar aiki zai iya dubawa.

Shaidar halarta ba abin kunya ba ce, wani lokaci ma ita ake nema kafin a bar ka ka zauna jarrabawa. Laifin shi ne a sayar maka da ita da farashin ɗayar.

9/
Abin da ya sa wannan ya fi tsanani a Six Sigma: ba hukuma ɗaya da ta mallake shi. Kowa na iya buɗe shafi ya buga takarda mai zinariya a gefe. Sunaye biyu da aka fi sani su ne ASQ ta Amurka da IASSC, kuma ba hanya ɗaya suke bi ba. Matakan ƙwarewa a Six Sigma da launi ake kiransu: ASQ na neman shekara 3 ta aiki kafin matakin kore, a matakin baƙi da ke sama da shi kuma sai ka kawo shaidar aikin da ka kammala, da sa hannun wanda ya tabbatar. IASSC jarrabawa kawai take yi, ba ta tambayar ko ka taɓa aiki. Ni a ganina ta ASQ ta fi kusa da abin da muka kira ƙwarewa, ta IASSC kuwa shaida ce cewa ka san karatun. Dukansu sun fi takardar da mai koyarwa ya buga wa ɗalibinsa da kansa.

10/
Wani ƙanena ya tambaya ko PMP, shaidar ƙwarewa kan jan furoje, ma cikin wannan take. A'a, ƙanena, gida dabam ne, ko da yake maƙwabta ne. PMP ta cibiyar PMI ce, wadda aka kafa a Amurka a 1969, kuma tun 1984 ake ba da ita. Ita tana auna iya jan furoje daga farko zuwa ƙarshe: lokaci, kuɗi, mutane, haɗari. Sharuɗɗan da aka san ta da su: wata 36 na jagorancin furoje ga mai digirin shekara huɗu, wata 60 ga wanda ya tsaya a bak, da awa 35 na horo. Ana sabunta ta duk shekara 3. Ana iya zama jarrabawar da Faransanci. Ka duba shafinsu kafin ka biya kowa, don sukan sake sharuɗɗa. Ka lura, awa 35 ɗin nan shaidar halarta ce kawai. Wanda ya ce ya ba ka PMP don ka gama kwas ɗinsa, ƙofar ya nuna maka, bai shigar da kai ba.

PRINCE2, wadda ita ma ta jan furoje ce, daga Ingila ta fito a 1996, yanzu tana hannun kamfanin jarrabawa PeopleCert. Ga masu aikin raya ƙasa kuma akwai Project DPro ta PM4NGOs, wadda a da ake kira PMD Pro, an yi ta ne musamman don irin furojojinmu, akwai ta da Faransanci, kuma ta fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Bambancin a Hausa: furoje yana da ranar farawa da ranar rufewa. Tafiyar aiki kuwa maimaituwa take, yau da gobe. Shugaban furoje yana bukatar na biyun ne don cikin furojensa akwai abubuwan da ke maimaituwa: sayen kaya, biyan kuɗi, tattara rahoto daga ƙauyuka. In ba ka da horo ko ɗaya, fara da na jan furoje. In ka daɗe kana ja, kuma kullum wuri ɗaya ne ke maƙale maka, lokacin Lean ya yi.

11/
Ceinture verte da ceinture noire. Kada wanda ya ce «koren zobe», don a Yamai ceinture verte dajin itatuwan da aka dasa a gefen gari ne, sai a zaci aikin gandun daji ka karanta. Sunayen daga wasannin faɗa na Japan aka aro su, inda launin abin ɗaure ƙugu ke nuna matsayi. Muna da kalmar: ɗamara. Rawayar ɗamara ga mai farawa, koriyar ɗamara ga wanda ke jan ƙaramin aikin kyautatawa a gefen aikinsa, baƙar ɗamara ga wanda wannan ne aikinsa gaba ɗaya. Ga yawancin shugabannin furoje koriya ta wadatar. Baƙar tana da lissafi mai nauyi, kuma ba ta da amfani ga wanda ba shi da alƙaluman da zai auna.

12/
Abu biyu da mai talla ba zai faɗa maka ba, don ba a Nijar yake zaune ba. Na ɗaya, jarrabawar da ake sa wa ido ta kyamara tana son wuta da intanet da ba sa yankewa na awoyi, da ɗaki shiru ba mai shigowa. Wanda ya san watan Afrilu da Mayu a Yamai ya san abin da nake nufi. Ka tambaya tun wuri ko akwai cibiyar zama jarrabawa, ko me ake yi in layi ya katse a tsakiya. Na biyu, kuɗin kwas dabam, kuɗin jarrabawa dabam, kuma na biyun da dala ko yuro ake biya ta katin banki. Ka sa a rubuta maka ko farashin da aka faɗa ya haɗa duka, kafin ka tura jikkunanka.

13/
Wani Malam ya tayar da batun kalmar furoje kanta, wai mu ce «shiri» ko «aiki». Malam, Allah ya gafarta, a nan kam na bi kasuwa. Shiri mun ba programme, aiki kuwa ya yi faɗi, har shara aiki ce. Tsohuwa a ƙauyen Keita ta san furoje tun zamanin aikin tare hamada na shekarun 1980, ba ta bukatar a fassara mata. Kalmar ta riga ta zama tamu, chef de projet kuma shugaban furoje ne. Masu rubuta sanarwar horo su gwada haka: «Horo ta intanet kan kyautata tafiyar aiki, matakin koriyar ɗamara, don shugabannin furoje. Ana ba da shaidar halarta; jarrabawar shaidar ƙwarewa dabam take, ga hukumar da ke yin ta, ga kuɗinta.»