Musayar Waƙa: Biro da Goyo

Ɗan Katsina:
Sallama gare ku, ga ƙulli ku kwance mana,
Binciken lafiyar Najeriya na 2018 ya nuna:
Wadda ba ta shiga aji ba, haihuwa 6.7 a ma'auna,
Wadda ta wuce sakandare kuwa 3.4 aka auna.
Shin biro ne ke riƙe mahaifa? Ku warware mana.

Malama Nas:
Yaya, biro bai taɓa mahaifa, shekaru yake ci,
6 a firamare, 6 a sakandare, ga lokaci,
Ta kai 18, ƙugu ya buɗe ya fita daga ƙunci.
'Yar 14 kuwa, kan ɗa ya cije, kwana biyu cikin ɗaci,
Mafitsara ta matsu ta huje, yoyon fitsari ya zo da wulaƙanci,
Leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina ka ga masu jiran ɗinki, ba barci.

Inna Ungozoma:
'Yata, kin faɗi rabi, bari in ƙara:
Uwar da ƙyanda da gudawa suka ɗauke wa yara,
Ga kishiya na ta suna, ina za ta ji zancen tazara?
Mai karatu na bin katin rigakafi, na ƙyanda a wata tara,
In gudawa ce, ƙunshin ORS (gishiri da sukari) ɗaya a lita guda, ƙwayar zinc kwana 10 ta jera,
Sai na goye ya rayu zuciya ke yarda a dakata a saurara.

Malama Nas:
Gaskiyarki Inna, ga ma'aunin daki-daki:
Wata 24 bayan haihuwa kafin sabon ciki,
In ɓari ne wata 6, jini ya koma jiki.
Shayarwa na tsarewa, amma da sharaɗi uku take aiki:
Al'ada ba ta dawo ba, ɗa bai cika wata 6 ba, kin ji ki,
Nono zalla dare da rana, ko ruwa ba a ɗiga a baki.
Ɗaya ya faɗi, kwanika na bakin ɗaki.

Allurar tazara duk wata 3 ce, ranar na rubuce a kati,
Wadda ba ta iya dubawa sai ta wuce ta da sati-sati.
Ɗigon jini a farko ba cuta ba ne, in ya yi yawa sai asibiti.
Bayan an daina, ciki kan yi jinkirin watanni,
Shi ne ake cewa ta kashe mahaifa, alhali hutu ne na ɗan zamani.

Malamin Zaure:
Malama, shayarwa shekara 2 tana Baƙara, mun shaida,
Amma kati na hannunta, izini na hannun maigida,
Kuɗin mota zuwa awo ma shi ne zai fid da.
A Damagaram an kafa makarantar magidanta, sun amfana da,
Zaman da maza ke yi su ji haɗarin naƙuda a gida.
Wa zai tsara mana irinta a zaure, bayan isha'i mu gwada?