Zoɓo ko jan inabi na kwalba: wanne za a kai walima?

Maman Hanif: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. An sa auren ƙanwata, ni aka ɗora wa abin sha na walima. Dangin ango sun fi son jan inabin nan na kwalba, ni kuma hankalina na kan zoɓo. Wanne ya fi daɗi da sauƙin kuɗi, wanne kuma ke jure zafin garin nan?

Hajiya Inno: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah shi kai mu lokacin lahiya. Yi soɓorodonki, wato zoɓon, amma ki san wanda za ki saya. Akwai mai duhu, jan nan da ya kusa baƙi, shi ke ba da kala mai kauri, tsaminsa da sauƙi. Akwai ja mai haske, ya fi tsami, yana shan sukari sosai. Ni nakan haɗa kwano biyu na mai duhu da ɗaya na mai haske. In kin shiga Babbar Kasuwa ki damƙi kaɗan a hannu. Mai kyau yana ƙaras-ƙaras, ƙamshinsa na tashi nan take. Wanda ya yi laushi ko yake warin ruma, bar shi ko kyauta aka ba ki.

Anti Luba: Gaskiyar Hajiya. Ki jiƙa bayan kin ɗauraye ƙasar, kada ki bar shi yana ta tafasa, ɗaci yake yi. Citta, kanumfari da ɓawon abarba sun isa. Kanwa tana kashe tsami, amma in ta yi yawa kalar sai ta juye ta yi shuɗi-shuɗi.

Maman Hanif: Na gode. To zan iya dafawa tun saura mako ɗaya?

Hajiya Inno: A'a! Busasshen ne ke ajiyuwa. In kin saya da kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba, lokacin da yake da araha, kika ɗaure a buhu nesa da rana da danshi, yana kai ki wata kakar, sai dai kalar tana raguwa. Dafaffe kuwa, da sukari da abarba a ciki, a zafin bazararmu da ke wuce digiri 40, kwana ɗaya ba firji ya fara kumfa, gorar ta kumbura. Wannan ba abin ba baƙo ba ne, ya kama hanyar zama abin da shari'a ta hana.

Baban Sadiya: Ku yi haƙuri in sa baki, na ɗan yi sana'ar kayan shan nan. Dalilin da ya sa Turawa ke ajiye giyar inabi shekaru, kamar ta yankin Bordo a Faransa, shi ne barasar da ke ciki da kuma baurin ɓawon inabin, su ke hana ta lalacewa, har tsadarta ta ƙaru. Ruwan inabin da muke sha ba ya da wannan, tsufa ba ya ƙara masa komai, a duba ranar ƙarewar aiki kawai. Sannan kwalaben iri biyu ne. Akwai ruwan inabi zalla da aka sa wa gas, akwai kuma wanda aka fara yi giya sannan aka cire barasar, irinsa yakan rage har kashi 0.5 cikin 100. A karanta takardar jikin kwalba da kyau, a duba lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, kada a dogara da maganar mai shago.

Anti Luba: Wallahi ban san da wannan bambancin ba, Allah ya saka. Ga shi kwalba ɗaya mililita 750 ce, kofi biyar ko shida ta ƙare. Kwanon zoɓo kuwa ya shayar da mata cike da tsakar gida. Har Meziko ake fitar da namu, mu ne ke raina shi.

Malama Asabe: Ƙari kaɗan. Zoɓo yana saukar da hawan jini, don haka masu shan magani da masu juna biyu su sassauta. Ki ware kula ɗaya marar sukari saboda tsofaffi, ko ki sa dabino.

Maman Hanif: Na yanke: zoɓo ga jama'a, a dafa daren jajibiri, katan biyu na inabi zalla a teburin dangin ango. Saura ƙanƙara, wa ya san mai kawowa har gida a wajen unguwar Mabera, nan Sakkwato?

Anti Luba: Zan turo miki lambarsa ta akwati. Ki yi masa magana da wuri, ranar Asabar layi yake yi.