Muhawara: gadar ƙarfe ta Bature ce ta fi ƙarko, ko tamu ce ba a kula da ita?

Baba na Atbara: Assalamu alaikum jama'a. Na ji ana ta maganar yadda za a sake gina gadar Shambat da ta karye a kan kogin Nilu a nan Sudan, shi ne na ce bari in faɗi abin da ke raina tun kafin a zuba kuɗi. Ni a wajena duk gadar da aka gina a ƙasar nan bayan tafiyar Bature ba ta kama ƙafar ta ƙarfe ba. Ku dubi tsohuwar gadar Shuɗin Nilu da ta haɗa Hartum da Bahri. An fara ta a 1907 aka gama a 1909, kamfanin Cleveland na Ingila ne ya yi ta, tsawonta wajen mita 560. Jirgin ƙasa ya bi ta kanta, mota ta bi, mai jaki ya bi, ta haura shekara 110 tana tsaye. Ga ta Umdurman a kan Farin Nilu, wadda Dorman Long suka yi a shekarun 1920, kamfanin da ya gina babbar gadar Sidni ta Ostireliya. A layin dogo na yi aiki har na aje, na san abin da ake kira ƙarfe. In za a sake Shambat, a yi ta da ƙarfe.

Mai Walda na Bahri: Wa alaikumus salam. Baba, ina bayanka. Na taɓa tsayawa na shafa ƙusoshin gadar nan da hannuna. Ba walda ba ce, ƙusa ce da ake gasawa ta yi jawur, a zura ta a rami a daddale kanta, in ta huce ta damƙe farantan ƙarfen gam. Jere suke reras, kai ka ce jiya aka buga su.

Injiniya: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kafin mu yi nisa, kada mu ɗora wa Shambat laifin da ba nata ba. Gadar kankare ce da ta haura kilomita ɗaya, an gama ta a shekarun 1960, ta yi fiye da shekara 50 tana ɗaukar mutanen Umdurman da Bahri dare da rana. Ba gajiya ta yi ba. Fasa ta aka yi ranar 11 ga Nuwamba 2023, ana tsakiyar yaƙin basasa, ɓangarorin biyu kowa yana nuna wa ɗan'uwansa yatsa. Haka gadar Halfaya da aka buɗe a 2010, a tsakiyar 2024 aka lalata wani sashenta. Abin da ya same su, ko ta ƙarfe ya samu sai ta durƙusa.

Baba na Atbara: Ɗana, ban ce da kanta ta faɗi ba. Amma tun kafin yaƙi ka leƙa ƙarƙashin wasu sababbin gadojin nan? Siminti ya ɓare, rodi a waje ya yi ja, ruwa na ɗiga ta mahaɗa. Abin da bai kai shekara 20 ba!

Injiniya: Na gani Baba, kuma yana ci mini rai. Sai dai gadojin da da muke gani yau su ne waɗanda suka rayu, waɗanda suka faɗi ba sa nan balle mu ƙirga su. A 1907, shekarar da aka fara wannan gadar da kake yabo, wata ƙatuwar gadar ƙarfe da ake ginawa a Kubek ta Kanada ta rufta, ma'aikata 75 suka rasu, saboda an yi kuskure a lissafin nauyin ita kanta gadar. A 2007 gadar ƙarfe ta faɗa kogin Misisifi a Miniyafolis ta Amurka, mutum 13 suka rasu. Da aka bincika, farantan da ke haɗa ƙarafan ne aka yi su da siranta tun a zane, aka yi ta ƙara wa gadar nauyi shekara da shekaru, ran da ta faɗi ma an jibge yashi da kayan gyara a kanta. Sannan ta kankare ma tana faɗuwa: gadar Morandi a Jenowa ta Italiya, ranar 14 ga Agusta 2018, ta kashe mutum 43, tsatsa ta ci wayoyin ƙarfe da aka ja aka binne cikin kankaren don su riƙe gadar. Da ita da ta Miniyafolis duk a 1967 aka buɗe su. Kuma Bature bai gina gadar Shuɗin Nilu don ƙaunarmu ba, don jirgin ƙasa ya gina ta, layin da ya gangara Sinnar ya ƙetare ta Kosti ya kai Ubayyid. Abin da aka lissafa don kan jirgi da taragai, ƙananan motoci ba za su dame shi ba.

Direban Tirela: To a nan nake so in sa baki. Ni ban taɓa hawa tsohuwar gadar nan da kaya ba, ta sababbin muke bi. Su ne ke shan wahalarmu. Ina faɗin abin da na sani ne: a ɗora maka siminti ko sukari daga Bur Sudan, mai kaya ya ce a ƙara, a ƙara, har sai taya ta baje. Ka iso wurin awo, a yi magana a bayan mota, ka wuce. Ina hawa gada ina jin tana rawa a ƙarƙashina, wallahi gabana faɗuwa yake. Baba, da irin wannan lodin ake bi ta taka kullum, da ban san me za mu ce yau ba.

Injiniya: Yaya Direba, 'yar rawar nan ba ita ce abin tsoro ba, an yi gada ne ta ɗan lanƙwasa ta koma. Maimaicin ne matsala. Kamar waya ce, in kana tanƙwara ta kana miƙewa, ba a karon farko take karyewa ba. Gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ya nuna in ka ninka nauyin da ke kan aksul ɗaya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama, ɓarnar da yake wa kwalta tana kai wajen ninki 16. A mahaɗar ƙarfe da aka yi wa walda kuwa, ninka nauyin yana rage mata kwana wajen ninki takwas. Ribar buhunan da aka ƙara ta shiga aljihun mutum ɗaya, gyaran ya hau kan kowa.

Hajiya ta Madani: Ku yi mini afuwa, ni ba lissafi na iya ba. Ƙanwata tana Bahri, 'yarta tana aure a Umdurman, da daga wannan gida zuwa wancan tafiyar shan shayi ce. Yanzu sai an zagaya, kuɗin mota ya ci rabin cefane, mai naƙuda kuwa sai addu'a. Ku da kuka sani ku gaya mana, wacce ce za ta fi saurin samuwa, wacce ce kuma ƙasar nan za ta iya biya?

Injiniya: Hajiya, tambayarki ce gaba da tamu. Siminti muna yin sa a gida, ga Atbara ga Barbar ga Rabak, yashi da tsakuwa ma namu ne. Manyan ƙarafan gada kuwa daga waje za a sayo da dala, sannan fenti ya zama bashin da ba ya ƙarewa. Gada ba ta da araha ko ta wace hanya: wadda aka maye gurbin Morandi da ita ta ci wajen Yuro miliyan 200. Shi ya sa nake ganin kafin a yi maganar sabuwa, a fara duba ginshiƙan Shambat da ke cikin ruwa. In lafiyarsu ƙalau, sashen da ya karye kawai za a sake, kuɗi da lokaci su ragu ƙwarai.

Ɗalibi daga Maiurno: Iyayena, ku ba ni dama. Duk saman gada muke kallo, alhali malaminmu ya ce ambaliya da zaizayar gindi ne kan gaba wajen kayar da gadoji. Mu da muka tashi a bakin Shuɗin Nilu mun san halinsa in damina ta yi nisa: ruwa ja, kauri, yana tafe da itatuwa. In ya bugi ginshiƙi sai ya yi juyi ya riƙa ƙwaƙule ƙasar gindinsa. In ya janye, laka ta cike ramin, wanda ya zo dubawa da rani ya ga komai lafiya, amma laka ba ta riƙe kaya. A 2020 ruwan ya haura mita 17.5 a Hartum, ya wuce na 1946 da na 1988. Ga kuma madatsar ruwa da Habasha ta gina a kan Shuɗin Nilu tana tare laka, ruwan da ya rasa lakarsa kuwa gindin kogi yake ci ya ƙoshi. Wa ya nutsa ya auna gindin waɗannan gadoji, tsofaffi da sababbi?

Baba na Atbara: Allah ya yi maka albarka yaro, ka kawo ni inda nake so. A zamaninmu akwai ayarin da ba su da wani aiki sai gada. Mutum da guduma yana ƙwanƙwasa ƙusa ɗaya bayan ɗaya, wadda ta yi ƙarar banza a sa mata alli, a cire a sa wata. Wasu na kankare tsatsa, wasu na bin su da jan fenti. A share ƙasa daga kujerar da gada ke zaune a kai, a shafa mata mai. Bayan kowace ambaliya a jefa igiya mai dalma a auna zurfin gindi, a rubuta a littafi.

Injiniya: To Baba, ai ka ba ni hujja da bakinka. Wannan ayarin ne ya raya gadarka. Kujerar da ka ambata kuwa ita ce aka fi mantawa. Ƙarfe da kankare duk suna miƙewa da zafi: gada mai mita 500, in zafi ya sauya da digiri 30, tana ƙara tsawon wajen santimita 18. A rana irin ta Hartum, in yashi ya toshe mahaɗa, kujera ta cije, gadar ba ta da wurin miƙewa sai ta tura ginshiƙi ko ta tsage kanta. Ruwan da ka gani yana ɗiga, daga nan ne. Share magudana da sauya robar mahaɗa ba su kai komai ba in aka gwada da sabon gini, amma ba a yanka musu ƙyalle, shi ya sa ba a sa su a kasafi.

Baba na Atbara: Hujjarka rabi ce, ɗana. Ƙarfe in ya yi ciwo yana nunawa, mai guduma ma zai gane. Wayar da aka ja aka binne cikin kankare fa? Kai da kanka ka ce a Italiya ta ruɓe a ciki, su da suke da na'ura. Mu da muka fito daga yaƙi, wa zai duba mana cikin kankare? Gara abin da idona zai gani.

Injiniya: Wannan gaskiya ce, kuma injiniyoyi sun daɗe suna kokawa da ita. Shi ya sa yanzu ake yin wasu da wayoyin a fili cikin ramin gadar, mutum ya shiga da fitila ya duba, a sauya wadda ta lalace. Ana kuma haɗa biyun, dogayen ƙarafa a ƙasa, kankare a sama.

Mai Walda na Bahri: In haɗin za a yi, a koya wa yaranmu aikin, kada kamfani ya gama ya tafi da saninsa.

Baba na Atbara: Haɗin zan iya karɓa, in dai ƙarfen na waje inda za a gan shi. Kankare zalla kam ban yarda ba.

Hajiya ta Madani: Injiniya, duba ginshiƙan nan da ka ce, masu nutso ne za su shiga ko sai ruwa ya ja baya? In sai rani ne, gara in gaya wa ƙanwata ta nemi ɗaki kusa da 'yarta kafin watan haihuwa.